Shin Kifin Shak Zai Iya Zuwa Kogin Challawa?

Darasin kimiyya na allonmu a wannan karon a kan wani kifi ne da yawancinmu ba mu taɓa gani ido da ido ba, amma kusan kowa yana tsoronsa. Shi ne kifin shak. Muna ganinsa a fim da kuma bidiyon wayar yayyenmu, ya buɗe baki haƙora zaƙo-zaƙo, yana bin mutane a cikin ruwa. Daga nan sai labari ya ƙaru a bakin yara. Wani ya ce akwai shi a dam ɗin Tiga, wani ya ce idan ruwa ya cika da damina yana shigowa har Kogin Challawa. Don haka na ga ya kamata mu fara da wannan tambayar, domin ita ce ta fi kusa da mu.

Mu bi ruwanmu mu ga inda ya nufa

Shak kifin teku ne, wato ruwan gishiri. Daga Kano zuwa bakin teku a Legas tafiya ce ta kusan kilomita 1,000 a mota. Kifi kuwa ba ya hawa mota, sai dai ya biyo ruwa. To mu bi ruwan.

Kogin Challawa yana tasowa daga yamma, ya ratso dam ɗin da ke ƙasar Ƙaraye wanda aka gama a 1992, ya wuce ta kudancin birni kusa da mu, sannan ya haɗu da Kogin Kano, wanda shi kuma ya biyo ta dam ɗin Tiga. Idan sun haɗu sai su wuce ta Wudil su zama Kogin Haɗeja. Daga can ruwan ya shiga Kogin Yobe, ya ƙare a Tafkin Chadi. Shi kuma Tafkin Chadi ba shi da wata ƙofa da ke kaiwa teku. Ruwan da ya shiga cikinsa, rana ce ke shanye wani, ƙasa ta tsotse wani. Ke nan ruwan da ke wucewa ta gefenmu ba ya taɓa haɗuwa da teku ko kaɗan. Duk wanda ya ce maka ya ga shak a Challawa ko a Tiga, ka ce ya zana maka hanyar da ya biyo a taswira. Ba zai iya ba.

Amma kada mu yi wa masu wannan tambayar dariya, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Akwai wani irin shak da ke iya rayuwa a ruwan daɗi. Turawa suna kiransa da sunan bijimi saboda kaurin jikinsa da faɗansa. Ƙodarsa tana iya daidaita gishirin jikinsa, don haka yana baro teku ya hau kogi. A kudancin Afirka ana kiransa shak ɗin Zambezi, saboda yawan ganinsa a wannan kogin. An taɓa samunsa a Kogin Amazon fiye da kilomita 3,000 daga teku. A ƙasar Nikaraguwa akwai shi a cikin tafki, har mutane suka daɗe suna zaton a nan aka halicce shi, sai da masu bincike suka liƙa wa waɗansu alama, suka gano ashe ta kogi suke zuwa teku su dawo. Duk waɗannan ruwaye suna da hanyar teku. Namu ba shi da ita.

Abin da ya kamata mu ji tsoro a ruwanmu daban ne: ramin da masu ɗibar yashi suka bari a ƙasan kogi, da kududdufi mai zurfi, da tsutsar tsargiya da ke shiga fatar mai wanka. Waɗannan ba a yi musu fim ba, shi ya sa ba sa ba mu tsoro.

Wane irin kifi ne shi?

Abu na farko, shak ba iri ɗaya ba ne. Masana sun ƙirga fiye da iri 500. Akwai ƙarami wanda tsawonsa bai wuce santimita 20 ba, ko rular cikin jakarka ta fi shi tsawo, kuma cikinsa yana ba da haske a cikin duhun teku. Akwai mai kai kamar guduma, idanunsa a can gefe da gefe. Akwai mai zane a jiki kamar damisa. Akwai farin shak, wanda shi ne na cikin fim. Sai kuma babbansu, mai ɗigo-ɗigon fari a baya, wanda duk duniya babu kifin da ya kai shi girma. Yakan kai mita 12, wani ma ya wuce. Idan kana son ka gane mita 12, tsaya ka dubi doguwar kwantena mai ƙafa 40 da tirela ke ɗauka zuwa tashar tsandauri ta Dala da ke nan Zawaciki. Tsawonsa ke nan. Abin mamaki, wannan ƙaton ba ya cin mutum, ba ya ma cin babban kifi. Baki yake buɗewa ya tace ruwa kamar rariya, ya haɗiye ƙananan halittun da ke yawo a ciki, waɗansu ma ido ba ya ganinsu sosai. Masu ninƙaya suna iyo a gefensa lafiya lau. Shi ne ma jiragen ruwa masu ɗaukar kaya ke bankewa su kashe.

Abu na biyu, shak ba shi da ƙashi. Duk jikinsa guringuntsi ne, irin wanda ke kunnenka da kan hancinka. Taɓa kunnenka ka ji. Guringuntsi bai kai ƙashi nauyi ba, kuma yana lanƙwasuwa, shi ya sa shak ke juyawa da sauri.

Duk wanda ya taɓa gyara karfasa a gida ya san wata 'yar jakar iska da ke cikin cikinta. Ita ce ke hana ta nutsewa. Shak ba shi da wannan jakar. Maimakonta yana da ƙatuwar hanta cike da mai, kuma mun san mai ba ya nutsewa a ruwa. Fatarsa ma daban ce. Idan ka shafa ta daga kai zuwa wutsiya santsi ne, idan ka shafo daga wutsiya zuwa kai sai ka ji kamar samfefar kafinta. A zamanin da ma har da ita ake goge katako a waɗansu ƙasashe.

Haƙoransa su ne suka fi ba ni sha'awa. Mu sau ɗaya muke famfara, daga nan idan haƙori ya fita shi ke nan, sai giɓi. Shak kuwa haƙoransa layi-layi ne kamar ɗalibai a asambuli. Na gaba ya faɗi, na bayansa ya matso. Haka yake yi har ya mutu, kuma waɗansu suna zubar da dubban haƙora a rayuwarsu. Irin waɗannan haƙoran da aka tono a cikin duwatsu, da ɓawon fatarsa, su ne suka sa masana suka ce dangin shak sun fi shekara miliyan 400 a duniya, wato sun riga itatuwa zuwa.

Yadda yake neman abinci

Shak yana gani, yana ji, yana shaƙar wari kamar sauran dabbobi. Yana kuma da wani layi a gefen jikinsa da ke jin motsin ruwa. Wannan layin ba shi kaɗai ke da shi ba, dubi gefen tarwaɗa da kyau za ka gan shi.

Amma yana da wata baiwa ta daban. A kewayen hancinsa akwai ƙananan ramuka cike da wani abu mai yauƙi. Wani likitan ƙasar Italiya mai suna Stefano Lorenzini ya yi bayaninsu tun a 1678, amma sai bayan kusan shekara 300 aka gane aikinsu. Suna jin lantarki. Duk wata dabba mai rai, idan zuciyarta ta buga ko tsokarta ta motsa, tana fitar da lantarki ɗan mitsitsi. Shak yana jin wannan idan ya matso kusa. Ko kifi ya binne kansa a yashi ya yi lamo, bugun zuciyarsa ya tona masa asiri. Shak mai kan guduma yana kaɗa kansa a saman yashi hagu da dama kamar mai neman kuɗin da ya faɗi.

Kada wannan ya zama mana kamar tatsuniya, domin muna da kifin lantarki a gida. Tambayi duk wani masunci labarin minjirya. Ita tana jan mutum ne da lantarkin da jikinta ke yi, don ta sumar da abincinta ko ta kare kanta. Shak ba ya jan kowa, shi ji kawai yake yi.

Maganganun da ake yi a kansa

Ana cewa shak yana jin warin ɗigon jini ɗaya daga nisan mil da yawa, kuma nan take ya taho. Hancinsa yana da ƙarfi ƙwarai, wannan gaskiya ne. Amma wari ba waya ba ne. Sai ruwa ya ɗauko shi ya kawo har hancin kifin, kamar yadda ƙamshin tsire ba ya zuwa maka sai iska ta kaɗo ta wajenka. Ɗigo ɗaya a cikin teku kuwa zai narke ya ɓace tun bai je ko'ina ba.

Ana cewa idan ya daina iyo zai mutu. Ga waɗansu haka ne, kamar farin shak, domin sai yana tafiya ruwa ke ratsa tsagogin numfashin da ke gefen wuyansa. Amma da yawa suna kwanciya a ƙasan teku su yi ta tsotsar ruwa da baki, suna hutawa abinsu.

Ana kuma cewa ba ya kamuwa da cutar daji, don haka garin guringuntsinsa magani ne. Wannan ƙarya ce mai tsada. An samu shak masu ƙari a jiki, kuma da likitoci suka gwada wannan garin a kan marasa lafiya bai warkar da su ba. Amma kafin a gane, an riga an kashe shak masu yawa, marasa lafiya kuma sun zubar da kuɗinsu. Mu ma mun san irin wannan a nan, masu lasifika a bakin kasuwa da magani ɗaya mai warkar da cuta arba'in.

Babbar magana ita ce wai abincinsa mutum. A nan ina so mu yi lissafi. Akwai wani gidan tarihi a jihar Fulorida ta Amurka da ke rubuta duk cizon shak da aka samu labarinsa a duniya. A 2023 sun rubuta mutum 69 da shak ya ciza ba tare da sun tsokane shi ba, 10 daga ciki suka mutu. A 2024 mutum 47 ne, 4 suka mutu. Wannan fa duk duniya ne, a shekarar da miliyoyin mutane suka shiga teku. Rai ko ɗaya ne ba abin wasa ba ne, kuma shak ba abokin wasa ba ne. A 2023 ya kashe wani saurayi ɗan Rasha a bakin Bahar Maliya a ƙasar Masar, mutane suna kallo. Amma mu ajiye wannan adadin kusa da na sauro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zazzaɓin cizon sauro yana kashe kusan mutum 600,000 a shekara, kuma kusan uku cikin kowane goma 'yan Najeriya ne, yawancinsu ƙananan yara. Cizon mahaukacin kare yana kashe kusan 59,000. Saran maciji ya fi 80,000. A ganina wanda ya kwana ba gidan sauro kuma yana tsoron shak, ya sa tsoronsa a inda bai dace ba.

Cikin iri fiye da 500, uku ne aka fi samu da mummunan cizo: farin shak, da mai zanen damisa, da bijimin nan mai shiga kogi. Sau da yawa ma cizo ɗaya yake yi ya saki ya tafi. Masana suna ganin dalili biyu. Na farko, ba shi da hannu, da baki yake taɓa abin da bai sani ba, kamar jariri. Na biyu, idan ya hango mutum daga ƙasa yana iyo a kan allon wasan igiyar ruwa, yakan yi kama da wata dabbar teku mai kitse da ya saba ci. Matsalar ita ce taɓawar mai irin waɗannan haƙoran tana iya tsinka jijiya.

To daga ina wannan tsoro ya bazu haka? Babban dalili fim ne. A 1975 aka fitar da wani fim a Amurka mai suna Jaws, wanda Steven Spielberg ya shirya daga littafin Peter Benchley. Labarin wani farin shak ne da ya addabi wani gari. Fim ɗin ya yi kasuwa ƙwarai, mutane suka ji tsoron shiga teku, waɗansu kuma suka mayar da farautar shak gasa. Daga baya shi Benchley ya ƙare rayuwarsa yana kiran a kare shak, Spielberg kuma ya faɗa wa BBC a 2022 cewa yana baƙin cikin ɓarnar da aka yi wa kifin bayan fim ɗinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Aikin da yake yi a teku

A darasin kimiyya an koya mana sarƙar abinci: ciyawa, sai fara, sai ƙadangare, sai shaho. Manyan shak suna can saman sarƙar teku. Mai farauta yakan fi kama wanda ya fi sauƙin kamu, wato mai rauni da mara lafiya, don haka garken kifin da ya rage ya fi ƙoshin lafiya. Waɗansu shak ɗin kuma suna cinye mushen manyan dabbobin teku.

Amma aikin da ya fi burge ni ba ci ba ne, tsoratarwa ce. A yammacin ƙasar Ostareliya akwai wani lungun teku da ake kira da sunan shak, inda ciyawa ke tsirowa a ƙarƙashin ruwa kamar makiyaya. Masu kiwo a wurin su ne kunkurun teku da wata dabba 'yar uwar ayu, ayun nan da ke kogin Binuwai da Kwara. Masu bincike sun shafe shekaru suna lura da wurin. Sun ga cewa a lokacin da shak mai zanen damisa ya yi yawa, waɗannan dabbobin ba sa tsayawa wuri ɗaya su cinye ciyawa har saiwa. Sai su ɗan ci nan, su matsa can, suna waige-waige. Ciyawar sai ta samu damar tohowa. A cikin wannan ciyawar ƙananan kifaye ke ɓuya har su girma, su zama abin da masunci zai kama. Shak bai ci ciyawa ba, bai shuka ta ba, amma zamansa ne ya tsare ta. Kamar ajin da malami ke zaune ne a baya yana duba littattafai. Bai ce uffan ba, bai ɗauki bulala ba, amma kowa ya nutsu. Ya fita minti biyar, kun san sauran.

Mun ga irin wannan a tudu. Iyayenmu suna cewa a da ungulu ta cika mahauta da bishiyoyin gari, yanzu kuwa sai ka daɗe ba ka ga ko ɗaya ba. Ba wanda ya damu da ita saboda ba ta da kyan gani. A Indiya, ungulu sun mutu da yawa daga shekarun 1990 saboda wani maganin da ake ba shanu, wanda ke kashe su idan sun ci mushen. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka ƙaru, cutar haukan kare ma ta ƙaru.

Sai dai kada a ɗauka duk inda aka kai mafarauci alheri ne. Giwan ruwa, wanda ake alfahari da kamawa a bikin kamun kifi na Argungu, ɗan gida ne a kogunanmu da Tafkin Chadi, kuma sauran kifaye sun saba zama da shi. A shekarun 1950 aka ɗauke shi aka zuba a Tafkin Biktoriya a gabashin Afirka, inda babu shi a da. Ya yi ta cin ƙananan kifayen wurin har kusan iri 200 suka ɓace. A cire mafarauci daga gidansa ɓarna ce, a kai shi gidan wani ma ɓarna ce.

Akwai wani abu kuma da zama a saman sarƙa ke jawowa, wanda ya shafe mu kai tsaye. Wata gubar, irin su ƙarfen makuri, idan ta shiga jikin kifi ba ta fita da sauƙi. Ƙaramin kifi ya ɗauki kaɗan, babba ya ci ƙanana ɗari ya tara nasu duka, shak ya ci manyan ya tara na kowa. Shi ya sa likitoci a ƙasashe da yawa ke hana mata masu ciki da ƙananan yara cin namansa. Mu da muke zaune kusa da masana'antun Challawa da Sharaɗa mun san launin ruwan da ke fita ta magudanun majemu, mun kuma san warinsa. Masu bincike na jami'o'i sun sha auna ruwan Kogin Challawa su samu ƙarafa masu guba, irin su kuromiyam da ake jima da shi. A ruwan nan ake kamun kifi, da shi ake ban-ruwan lambu. A sarƙar abincin wannan kogin, wanda ke can sama ba shak ba ne. Mu ne.

Wa ke cin wa?

A 2013 waɗansu masana, ƙarƙashin Boris Worm na Jami'ar Dalhousie a Kanada, suka ƙiyasta cewa mutane suna kashe shak kusan miliyan 100 a kowace shekara. Na raba wannan da 365, ya ba ni kusan 274,000 a rana. Na sake rabawa da 24, ya ba ni sama da 11,000 a awa ɗaya. Ke nan kafin mu gama darasi ɗaya na minti 40, an kashe kimanin 7,600. Duk wanda ke shakka ya ɗauki biro ya gwada.

Waɗansu suna mutuwa ne a taru da ƙugiyoyin da aka ɗana wa wani kifin daban. Manyan jirage suna shimfiɗa igiya mai tsawon kilomita da yawa ɗauke da dubban ƙugiyoyi, kamar mamarin masuntanmu amma ƙato. Waɗansu ana kama su don nama ko man hanta. Mafi muni shi ne cinikin fiffike. A China da Hong Kong ana yin wata miya mai tsada da fiffiken shak, ta biki da nuna arziki. Saboda fiffiken ya fi naman kuɗi, kuma jirgi ba shi da wurin ɗaukar duka, waɗansu masunta sukan yanke fiffiken su jefar da kifin da ransa. Ba ya iya iyo, sai ya nutse ya mutu a ƙasa. Ko akuya za a yanka an hore mu da a wasa wuƙa kada a wahalar da ita. Wannan cinikin ya iso gaɓar Afirka ta Yamma ma, ana busar da fiffike a ƙasashe irin su Senegal da Ghana ana fitarwa.

Wani zai ce ai tarwaɗa ma kullum ana ci ba ta ƙare ba. Bambancin a haihuwa yake. Tarwaɗa ɗaya tana zuba dubban ƙwai a lokaci guda, kuma masu kiwonta a kududdufin siminti suna sayarwa bayan wata biyar ko shida. Shak kuwa ya fi kama da saniya. Da yawansu haihuwa suke yi ba ƙwai ba, 'ya'ya kaɗan, bayan sun ɗauki ciki na wajen shekara guda, wani iri ma kusan shekara biyu. A waɗansu ire-iren, kafin ɗan ya isa haihuwa sai ya yi shekara goma ko fiye. Akwai wani a tekun ƙanƙara na Girinlan wanda binciken 2016 ya nuna yana rayuwa aƙalla shekara 272, mai yiwuwa ma har kusan 400, kuma macen ba ta fara haihuwa sai ta kai wajen shekara 150. Ke nan akwai shak da ke iyo yau wanda aka haifa tun kafin jihadin 1804. Idan aka kashe irin wannan, ko jikokinmu ba za su ga madadinsa ba.

Wani bincike da aka buga a 2021 ya nuna shak da danginsu na tsakiyar teku sun ragu da kashi 71 cikin ɗari daga 1970. A shekarar ce kuma aka bayyana cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na dukkan ire-irensu suna cikin haɗarin ƙarewa. A Nuwamba 2022 ƙasashen duniya suka taru a Panama suka sa dokar neman izini kafin a fitar da fiffiken mafi yawan ire-iren da ake ciniki. Dokar tana takarda, teku kuwa faɗi gare shi.

Mutanen bakin teku na yankinmu sun san darajar wannan kifin tun kafin a yi fim. Sarki Behanzin na Dahome, wanda ya yaƙi Faransawa har suka kama shi a 1894, shak ya ɗauka ya zama tambarinsa, mai tsaron gaɓar ƙasarsa. Dahome ita ce Jamhuriyar Benin ta yanzu, maƙwabciyarmu.

Akwai ma wani ɗan uwan shak da ke yawo a Kano kullum ba mu lura ba. Shi ne kifi mai zarto, wanda hancinsa dogo ne da haƙora a gefe biyu kamar zarton kafinta. Da can yana da yawa a bakin kogunan Afirka ta Yamma, amma zarton nasa yana sarƙewa a taru, yanzu sai a shekara da shekaru masunta ba su ga ko ɗaya ba. A da, mutanen Akan na Ghana da Kwaddibuwa sukan ƙera siffarsa da tagulla don auna zinariya. Wannan siffar ce babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa ya ɗauka ta zama tambarinsa, tana jikin tsabar kuɗin da takardun da 'yan kasuwar Maraɗi da Damagaram ke kawowa Kantin Kwari, waɗanda ake canzawa a Wapa.

Duk wanda ke da tsabar sefa a gida, ya roƙi izini ya kawo wa 'yan kulob. Za mu ɗora takarda a kai mu goga fensir har hoton ya fito, mu manna a ƙasan wannan rubutun, sannan a mayar masa da kuɗinsa.